Atishawa a Kan Layi

Latifa ta yi dariya, Mudi! Dariya ta gaske, har da riƙe ciki, har kakarta Tani ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar wa ya zo.

Ka yi haƙuri, murna ta sa na tsallake sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga ɗana Mudi a Gidan Rumji, daga mahaifinka a ƙauyenmu na gefen Gazawa. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka Hasiya da su Haisam, ina kuma fatan kasuwar barkono tana tafiya. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka, an yi shuka.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Wanda ya koyi baƙi da furfura a gemunsa, a makarantar yaƙi da jahilci, benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa, ba ya barin alƙalami ya bushe. Kuma labari irin wannan ya fi ƙarfin a bar wa iska.

Ka tuna yadda ka kawo mana yarinyar nan bayan masu babura sun shiga ƙauyenku na bakin iyaka da rana tsaka. Allah Ya tsare, ba a rasa rai a gidanka ba, amma ita ta iso mana kamar an baro rabinta can. Babur ya wuce bayan danga, sai ta toshe kunnuwa, gumi ya keto mata, numfashi ya koma sama-sama. Lakol, makarantar boko, ta gagara, don hanyar kwaleji ta tashar 'yan kabu-kabu masu haya da babur ta bi. Mun yi rubutu, mun yi addu'a, majo, malamin asibitinmu, ya auna jininta ya ce ba zazzaɓi ba ne, fargaba ce ta zauna mata a ƙirji.

Da ka aiko da salula ka ce akwai wata likita a Yamai, Madam Hafsat, mai yin magani da magana, ban yarda ba. Na ce wa Tani, likitan da bai taɓa goshinka ba yaya zai san zafinka? To ga shi na ci maganata. Kowace Laraba bayan la'asar nakan kai ta tudun gawo, inda nan kaɗai rezo, wato layin waya, ke kamawa a garin nan. In shimfiɗa mata tabarma, kai ka kira likita daga can ka haɗa su, don kada kiredi, kuɗin wayar, ya ƙare mana, ka ajiye wayarka kamar yadda ka faɗa mani. Ni kuma in ja da baya can wajen rumbuna in kunna rediyo.

Ranar farko ta ƙi karɓar wayar sai da ta tambaye ni wa zai ji. Na ce daga ke sai likita sai Allah. Ta ce Baba fa? Na ce ubanki haɗawa kawai yake yi ya koma kan buhunansa. Na ba ta amana, sannan ta karɓa.

Abin da na lura, wayar nan ta yi mata daidai. Ba wanda ya ga an kai ta gidan likita balle a ce ɗiyar Mudi ta taɓu. Masu wucewa sun ɗauka da uwarta take gaisawa. Kuma ka san yaranmu, ba su iya kallon babba a ido su faɗi cikinsu. A waya kuwa sai ta ja hijabi ta rufe fuska ta yi ta magana. An koya mata in gabanta ya faɗi ta ja numfashi ta sake shi a hankali, kamar mai hura kunu mai zafi.

Dariyar kuwa ni na jawo ta. Jiya ina neman rezo a ƙofar gida, na hau amalanke ina ɗaga wayar sama, jaki ya ga dama ya matsa, na zauna daɓas cikin rairayi. Ta ce wai angon da ba ya iya tsayuwa kan amalanke ita ba ta so, a mayar masa da goronsa. Na ce to na sake ta, ta ce dama ita ta fara sakina. Rabona da jin ta ce mani tsoho mai haƙoran goro tun kafin abin nan ya faru.

Allah Ya yi maka albarka da wannan dabara. Ka gaida Hasiya, ka ce ta kwantar da hankalinta.

Mahaifinka,
Mumuni Jaye

*

Zuwa ga Mudi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da iyalinka. Sallama haƙƙi ce, shi ya sa na yi maka ita. Lafiyarmu kuwa ba zan ce lau ba, don ban koyi rubutu domin in rubuta ƙarya ba.

Ka san abin da ya faru ranar Laraba, tunda kana wurin. Amma kai da kunne ka halarta, ni da ido, to bari in ba ka rabin da ba ka gani ba.

Ina zaune wajen rumbuna, na hango ta tana magana, kanta a sunkuye, hannunta yana zane a ƙasa. Ta daɗe ba ta yi doguwar magana irin ta ranar ba, har na ce a raina yau kam ana fitar da ƙaya. Sai na ga ta ɗago kai. Bakinta ya motsa. Sannan ta janye wayar daga kunnenta ta dube ta kamar ta ga kunama a tafin hannu, ta sake ta cikin rairayi, ta miƙe ta nufi gida, ko takalmi ba ta ɗauka ba. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba.

Sai da Madam Hafsat ta kira ni da kanta na san dalili. Ta ce ana tsakar magana aka yi atishawa a kan layi, muryar namiji ta ce Alhamdulillahi. Yarinyar nan, da tarbiyyar da muka ba ta, bakinta ya riga hankalinta, ta amsa da Yarhamukallahu. Ta yi wa ubanta addu'a kafin ta gane laɓe yake yi mata. Barkonon da kake aunawa shi ya tona ka, Mudi. Da sana'arka ta sayar da atamfa ce, Allah kaɗai Ya san har yaushe za ka ci gaba.

Likitar ta rantse mani ba ta sani ba, kuma na yarda da ita. Ta ce tun farko ta roƙe ka ka fita daga layin, ka ce ka fita. Daga Yamai ba ta da idon da za ta ga wa ke riƙe da waya a Gidan Rumji. Ta ba ni haƙuri har na ji nauyi, alhali ba ita ta ci amana ba.

Tun Larabar farko kake saurare, ko? Kada ka amsa, na sani. Yanzu na gane abin da ya sa kake tambayata abubuwan da ban taɓa faɗa maka ba, ko tana cin abinci in an yi baƙi, ko har yanzu tana kwana da takalmi a kusa. Ni ina ta murna ɗana ya damu da ɗiyarsa, ashe daga bakinta kake ɗebowa.

Abin da ya fi ci mani rai, da bakina aka yi ƙaryar. Kai ka faɗa mani, ni na ɗauka na kai mata, na ɗora amanata a kai. Na tsufa a garin nan ana kirana shaidar sayen gona da rabon gado, ba a taɓa cewa Mumuni ya faɗi abin da ba shi ba. Sai ga shi jikata ta kama ni da ƙarya, ƙaryar da ban san ina ɗauke da ita ba. Ina zaune can nesa da rediyo a kunne kamar mai gadi, ashe na tsare ƙofa ɓarawo yana cikin ɗaki.

Yanzu ta koma yadda ta zo, har ta fi. Tuwo sai Tani ta yi da gaske take taɓawa. Babur ya wuce, ta shige ɗaki. Wayar kuwa ko ƙararta ta ji sai ta tashi daga wurin, na kashe ta na sa cikin tukunyar da Tani ke ajiye iri.

Ni kuma ta daina zagina. Da safe takan zo ta durƙusa har ƙasa ta ce, Malam, ina kwana. Malam! Ni da nake tsoho mai haƙoran goro. Na ce amarya yau ba a neman saki? Ta ce Allah Ya ba Malam haƙuri, ta tashi. Da ta ɗauko muciya ta buga mani da ya fi mani sauƙi.

Ban san abin da ta faɗa wa likita ba, ban kuma tambaya ba. Kai ka sani. Ka ji abin da ba a ba ka ba, sai ka san inda za ka ajiye shi. In na ji ko kalma ɗaya daga ciki a bakin wani, ko Hasiya ce, to ka nemi wani uban.

Kada ka kira. Wayar tana cikin tukunya.

Mumuni Jaye

*

Zuwa ga ɗana Mudi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, da fatan Haisam ya warke daga tarin da aka ce yana yi. Mu nan da sauƙi. Gero ya fara fitar da kai.

Saƙonka ya iso ta bakin Dikko direba, tare da ƙullin barkono da sabulu. Sabulun Tani ta karɓa. Barkonon na mayar, ya riga ya yi aikinsa a gidan nan.

Dikko ya ce ka ce ba da mugun nufi ka yi ba. Wai 'yar fari ce, ba ka iya zama ka tambaye ta abin da ke damunta, ko sunanta ba ka iya kamawa, kuma zuciyarka ta uba ba ta bar ka ka ajiye wayar ba. Na ji. Al'adar nan ba kai ka ƙirƙiro ta ba, a gidana ka tarar da ita, yayarka Lubabatu ma shaida ce. Amma ina so ka yi mani bayanin wannan kunya taka, wadda ta hana ka kiran sunan ɗiyarka amma ba ta hana ka laɓe mata ba. Kunyar da muka gada ita ce a kau da kai. Kai kuwa ka kau da ido ka miƙa kunne. Da ka zo mani ka ce Baba ina cikin damuwa, da mun tambayi likita abin da ya halatta uba ya sani, ta faɗa mana a sarari yarinya tana ji.

Ga inda muke. Madam Hafsat ba ta yar da mu ba. Ta ce tunda waya ta zama abin tsoro ga yarinyar, kada a tilasta mata, ta haɗa mu da wata abokiyar aikinta, Madam Batulu, da ke ganin yara ido da ido a Agye. Tafiyar ba wasa ba ce. Latifa ba ta hawa babur, sai mu tafi da amalanke har bakin kwalta mu jira mota. Ranar zuwa Agye ba ni taɓa gona. Ga idon mutane: mun haɗu da matar limamin garinmu a bakin ƙofar likita, kafin mu dawo gida labari ya riga mu. Abin da waya ta rufe mana, hanya ta buɗe shi.

Zuwan farko Latifa ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shiga. Matar nan ba ta ja ta ba. Ta ɗage labule ta ce ta leƙa bayansa. Ta buɗe kabad ta nuna mata. Sannan ta ciro wayarta ta miƙo mani, ta ce Baba riƙe mani wannan a waje, ka zauna can ƙarƙashin dogon yaro inda za ta riƙa hango ka ta taga. Ni ban gaya wa matar komai game da atishawa ba, Madam Hafsat ce ta riga ta yi mata bayani, da izinin da na bayar.

Duk da haka yarinyar ba ta ce komai ba ranar, sai da sauƙi. Zuwa na biyu ma da sauƙi. Na fara cewa a raina asarar kuɗin mota kawai muke yi. Amma da muka zo tafiya, Madam Batulu ta ce mani, a gaban Latifa, ita ba ta damu da da sauƙi ba, don Bahaushe ko ana ɗauke da shi zuwa gidan likita da sauƙi zai ce. Hannuwa take kallo. Ta ga yadda yarinyar ke murɗa bakin hijabi har ya yi igiya duk lokacin da babur ya wuce titi, ta ga faratan da aka cinye. A waya, in yaro ya ce da sauƙi, dole ka karɓa. A ɗaki, bakinsa na faɗin ɗaya hannunsa na faɗin wani.

Ban ce wannan ta fi waccan ba. Ta Yamai ita ta fara buɗe bakin yarinyar nan, kuma da an bar su da sun yi nisa, ba amalanke ba tsegumi. Maganin bai lalace ba, hannun da aka ba shi ya riƙe ne ya zubar. Amma yanzu Latifa ba ta yarda da ɗakin da ba ta ga kusurwoyinsa huɗu da idonta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Har yau Malam take ce mani. A mota takan zauna ta bar tazara tsakaninmu, kamar wadda aka haɗa da baƙo. Kai ka yi atishawa, ni mura ta kama.

Ka gaida Hasiya. Ka ce mata ɗiyarta tana cin abinci kaɗan-kaɗan.

Mahaifinka,
Mumuni Jaye

*

Ta zage ni, Mudi! Wallahi ta zage ni a gaban mutane!

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka, ina gaida Hasiya da yara da duk wanda wannan takarda ta tarar a wurin. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda muke, kuma wannan karon lau ɗin na gaske ne. An yanke gero, an ɗaure damma, Allah Ya sa albarka.

Shekaranjiya muna dawowa daga Agye muka sauka a bakin kwalta, ba amalanke, jakin yana ɗaukar damma. Na ce mu zagaya ta cikin gonaki kamar kullum don mu kauce wa tashar 'yan kabu-kabu. Ta ce a'a, ta nan za mu bi. Ashe abin da suke ta yi da Madam Batulu ke nan: su fara jin babur daga cikin ɗaki, sannan daga bakin ƙofa, sannan daga bakin titi, tana hura kununta. Muka ratsa tsakiyar tasha. Wani ya tayar da babur dab da mu. Na ga ta tsaya, ta ja numfashi, ta sake shi a hankali, hannuwanta suna gefenta ba su tafi kunne ba. Ni ne ma na firgita na yi tsalle har hulata ta faɗi. Ta sunkuya ta ɗauko ta, ta kakkaɓe, ta ce wai a kai tsohon nan wurin Madam Batulu shi ma, ango matsoraci sai kwaɗayin goro. 'Yan kabu-kabu suka yi ta dariya. Ni kuwa na tsaya tsakiyar tasha hawaye na zuba cikin gemu, ban damu da wa ke kallo ba.

Mun je wurin mushe, malaminsu, a kwaleji, ya ce da an buɗe lakol ta dawo ajinta.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto, kuma da izininta nake rubuta ta, tana zaune kusa da ni tana gyara mani inda na bar wasali. Ta ce in gaya maka ta san ka ji abin da take faɗa lokacin da ka yi atishawa, amma ji na sata ba ji ba ne, tana so ka karɓe shi daga hannunta. Ranar da masu babura suka shigo, ka tsaya tsakar gida kana kiran yaranka. Ka kira Haisam, ka kira Idi, ka kira har uwarsu. Ita tana bayan rumbu tana jira ta ji nata. Ka ce, ina yarinyar nan? Ta ce tun daga ranar, in ta ji babur, ba mutanen take fara tunawa ba. Tsayuwar nan take tunawa, tana jiran suna.

Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari. Ta ce ta sani, amma ta ɗauka ranar gudun rai ana ɗage ta.

Ban huce da kai ba, kada ka ga murnata ka ɗauka an wuce wurin. Watannin da jikata ta yi tana ce mani Malam ba mai mayar mani da su. Amma Madam Batulu ta ce in Latifa ta yarda, uba yana iya shiga ɗakin ya zauna kan kujera inda za a gan shi. Latifa ta yarda, da sharaɗi. Ka zo da rana, ta ƙofar gida, ka yi sallama. Ka zo da babur ɗinka, don ta ce ranar komawa lakol kai take so ka kai ta, ba ɗan kabu-kabu ba. In ka tsaya a ƙofar gida ka kira ta. In ka ce yarinyar nan ta fito, ba mai fitowa, ni ma ba zan tashi daga tabarmata ba.

Sunanta Latifa. Na rubuta maka shi da kyau don ka yi ta maimaitawa a hanya. Daga Gidan Rumji zuwa Gazawa tafiya ce mai tsawo, ta isa harshe ya saba.

Sauran kuma duk ku zo. Ka taho da Hasiya da su Haisam. Ka aika wa Lubabatu a Cadakori, ka gaya wa kawunnanka na Sae Sabuwa, Dikko direba ma ya ajiye motarsa ya shigo. Na ciro wayar daga tukunya na kira Madam Hafsat na ba ta labari, ta yi ta hamdala, na ce da Yamai kusa ce da ita ma ta zo. Har matar liman na gayyata, tunda ita ta kai labarin zuwanmu likita, ta zo ta ɗauki na dawowarmu. Tani ta jiƙa sabon gero, akwai fura har ta yi saura. Ku zo ku ga amaryata za ta hau babur da jakar lakol a bayanta. Ku zo ku gani da idonku, wannan ba abin ji a waya ba ne.

Ni ne mahaifinka, tsoho mai haƙoran goro,
Mumuni Jaye